Takarda Ta Fito Daga Hannun Wa?

Kwana biyu kun ji ni shiru, harkar kasuwa da ta iyali ce ta sha kaina. Amma akwai wani abu da ya faru a gidana wanda tun lokacin nake ta juya shi a zuciya, na ga bai kamata in bar shi a cikina ba, musamman da yake na san yawancinku irina ne: mutanen da suka baro garuruwansu suka zo yankin Abuja neman halaliya, suka zauna, suka hayayyafa, yau ga 'ya'ya sun tasa suna neman makarantun gaba. Maganar a kan imel ce, wato wasiƙar intanet. Sai dai ku yi haƙuri in faro ta daga baya kaɗan, don a can asalinta yake.

Ni mutumin ƙasar Funtuwa ne. Na zo Yangoji a shekarar 1994, kusan shekara uku bayan gwamnatin tarayya ta taso daga Legas ta dawo Abuja. A lokacin Kwali ba ta ma zama ƙaramar hukuma ba, sai a 1996 aka ƙirƙiro ta. Ga wanda bai san Yangoji ba, gari ne a bakin babbar hanyar Abuja zuwa Lakwaja, in ka wuce Gwagwalada da Kwali ka nufi Abaji. Mun tarar da masu gari, Gbagyi da Bassa da sauransu, suka karɓe mu, muka kama sayen doya da hatsi a hannunsu. Da yake ni na gama sakandare kafin in baro gida, nan da nan sai na zama marubucin wasiƙun 'yan uwana baƙi. Masu shayi, mahauta, 'yan ga-ruwa, masu facin taya, duk ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai su zagaye ni a rumfata. In ciro fallen takarda daga tsakiyar littafin rubutu, mutum yana faɗa ina rubutawa. In an gama a ninke, a cusa 'yan kuɗi a ciki, a kai tashar Gwagwalada ko Zuba a danƙa wa direban da aka sani.

Duk wanda ya yi wancan zamani ya san wasiƙa tana da ƙa'idarta. Da farko za ka faɗi daga hannun wanda takarda ta fito da wanda za ta je wa. Sai gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Sai ka ce bayan haka, ka kawo dalilin rubutowa. Sai ka aika gaisuwa ga wane da wance, ka rufe da haza wassalam, ka sa sunanka. Ni a hannun baffana na koyi wannan, kuma da zafi na koye shi. Ina aji biyu a makarantar kwana na rubuto masa cewa kuɗin sabuluna ya ƙare. Da na zo hutu sai ya ɗauko takardar, ya karanta ta a gaban mutanen zaure, ya yayyaga ta, ya ce: "Kai yaro, ko maroƙi sai ya yi sallama kafin ya miƙa hannu." Ban ƙara ba har yau. Wannan tsari kuwa ba baffana ne ya ƙago shi ba. Lokacin da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan ƙasar Hausa suka riƙa aikowa. Wasiƙun manyan wancan lokaci da ambaton mai aikowa da wanda aka aika wa suke farawa, sannan gaisuwa, sannan magana, kuma sarakuna suna da hatimin da suke bugawa don a tabbatar ba wani ne ya yi musu sojan gona ba. Ku riƙe min maganar hatimin nan, za mu dawo kanta.

Da wayar salula ta shigo a 2001, sana'ar rubutuna ta mutu a hankali. Wanda zai iya jin muryar uwarsa, me zai yi da fallen takarda? A 2004 wani abokina ya ja ni wani kafe a Gwagwalada ya buɗe min akwatin Yahoo, muna sayen lokaci awa-awa, muna jiran shafi ya buɗe kamar mai jiran tuwon gidan biki. Na ɗan yi amfani da shi, daga baya na watsar. Na ɗauka rubuta wasiƙa ya tafi ke nan, ya bi sahun kwabo da sisi. Saboda haka ban koya wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yana ba. Wannan shi ne kuskurena, kuma ina kyautata zaton kuskuren da yawa daga cikinmu ne.

Ashe wasiƙa ba ta mutu ba, riga ta sake. A 2023 'yata ta fari ta zo rubuta jarrabawar JAMB. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Kun san yadda abin yake: tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, sannan dole yaro ya ba da lambar waya da adireshin imel nasa na kansa. To ita Uwata ba ta da imel. Na ba ta kuɗin mota ta tafi wani kafe da ƙawayenta, yaron shagon ya buɗe mata a tsaye, ya sa mata wani sunan 'yan gayu da lambobi a matsayin adireshi, ya zaɓa mata kalmar sirri da kansa, ya rubuta mata a guntun takarda. Ta dawo tana murna, ni ma ina murna. Ban tambayi komai ba.

Ta ci jarrabawa daidai gwargwado. Watanni suka shuɗe ba a ji komai ba, hankalinta ya tashi. Sai ta nemo adireshin ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar da ta nema, ta aika musu saƙo daga wayar uwarta. Daga baya na ga saƙon. Layi ɗaya ne tal, da irin guntulen Turancin nan na tes, ma'anarsa dai tana son ta san ko sunanta ya fito, a amsa mata da sauri. Babu take, babu gaisuwa, babu cikakken sunanta, babu lambar rajista, ba ta ma faɗi kwas ɗin da ta nema ba. Ko da ma'aikacin ya so taimakonta, ta ina zai gane ko wace ce a cikin dubban yara? Ba a amsa ba, kuma ban ga laifin kowa ba.

Amsar da ta zo daga wani wuri ta fito. Wata ranar Talata da daddare na dawo daga rumfa, sai ta tare ni tun daga ƙofa da waya a hannu, fuskarta kamar gonar auduga.

"Baba, an ba ni! Sun ce an ba ni gurbi, amma sai an biya naira dubu 35 kafin gobe da yamma, in ba haka ba za a ba wani."

Uwarta har ta ɗauko kuɗin adashen da ta kwasa a makon, ta ce a tafi wurin mai POS tun da sassafe. Wallahi ba zan ɓoye muku ba, ni ma zuciyata ta buga da farin ciki. Ga tambarin hukuma a saman saƙon, ga Turanci mai santsi. Na zauna a kan tabarma na ce a ba ni wayar in sake karantawa a tsanake. A karatu na biyu ne tsohon marubucin wasiƙun nan da ke cikina ya farka. Na ce, "Uwata, takardar nan ta fito daga hannun wa?" Ta nuna min sunan da ke sama. Na ce ba wannan ba, ki taɓa sunan mu ga abin da ke ƙarƙashinsa. Da ta taɓa sai ga adireshin ya fito, ƙarshensa gmail.com, irin wanda kowane yaro zai buɗe kyauta cikin minti biyar. Na ce to zuwa ga wa? Muka duba, babu sunanta ko ɗaya a ciki, ɗalibi kawai aka ce. Na ce to kuɗin wa za a ba? Sai ga lambar asusun banki da sunan wani mutum, ba sunan makaranta ba. Takarda ba mai ita, ba wanda aka aika wa, ba hatimi, sai gaggawa da neman kuɗi. Baffana da ko zama ba zai yi ba zai yaga ta.

Ta yi kuka a daren nan, ba don kuɗin ba, don gurbin da ta riga ta gani a ranta. Washegari muka je wurin wani malamin makarantarsu, ya tabbatar mana cewa tun 2017 hukumar JAMB, wadda hedikwatarta ke nan Bwari, ta tsara cewa duk wani gurbi na gaskiya ta shafinta na CAPS yake fitowa, yaro ya shiga da kansa ya gani ya amsa. Ya kuma tambaye ta wa ya san kalmar sirrinta. Da ta faɗa masa sai ya riƙe baki. Ban ce yaron kafen ne ya yi wannan aiki ba, Allah ne masani, kuma zato zunubi ne. Amma dai wata takwas mabuɗin ɗakin 'yata yana hannun wani, ni ina rumfa ina auna masara.

Tun daga wannan makon na buɗe makaranta a zauren gidana, duk ranar Asabar bayan la'asar. Ɗalibaina na farko 'ya'yana huɗu ne. Da labari ya bazu sai 'ya'yan maƙwabta suka fara zuwa, har da biyu na wani abokina Bagbagyi da muka shekara ashirin muna cinikin doya. Ba na fara musu da waya. Takarda da biro nake raba musu, don yaro in ya riƙe waya yatsansa yana riga hankalinsa gudu. Sai mutum ya rubuta a takarda, ya karanta da ƙarfi a gaban 'yan uwansa, an gyara, sannan a kwafe a waya.

Abin da nake koya musu tsohon tsarin nan ne, na dai sake masa riga. Na farko adireshinka, shi ne daga hannun wane na wannan zamani. Ka sa sunanka na yanka da na mahaifinka, irin wanda ke takardun makarantarka, don adireshin nan zai bi ka har neman aiki. Na biyu take, wato ɗan layin nan na sama da yara suke tsallakewa. Nakan ce musu shi ne bayan ambulan: a taƙaice ka faɗi abin da ke ciki, misali neman bayani kan gurbin karatu, da lambar rajistarka. Na uku gaisuwa da girmamawa gwargwadon matsayin wanda kake rubuta wa. Na huɗu ka faɗi ko kai wane ne, da abin da kake so, cikin cikakkun jimloli. Guntule kalmomi ya samo asali ne daga zamanin da tes ɗaya ba ya wuce harafi 160 kuma kowanne kuɗi ne, imel kuwa ba ya cajin harafi, don haka rowar ta mece ce? Kada kuma a rubuta komai da manyan baƙaƙe, masu karatu suna ɗaukarsa tsawa. Na biyar godiya, cikakken suna, lambar waya. Sai doka ta ƙarshe wadda na fi nanatawa: in ranka a ɓace yake kada ka aika, bari ya kwana. Magana zarar bunu ce, ta baki ma ke nan, balle wadda aka rubuta, da za a iya ajiyewa shekara goma a kuma tura wa wanda ba ka taɓa zato ba.

A nan kuwa ni ma an gyara ni, kuma adalci ne in faɗa. Da muka zo sake rubuta wa ofishin nan, ni na tsara gaisuwar. Na tambayi lafiyar ma'aikacin, da ta iyalinsa, da gajiyar aiki, na yi masa addu'a sakin layi guda cur. Uwata ta karanta ta yi shiru, can ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, mutumin nan wasiƙu nawa yake karantawa a rana? Kafin ya kai ga bayan haka ai ya rufe." Na so in yi gardama, sai na ga gaskiyarta. Ladabi a wurin baffanka shi ne ka tsawaita gaisuwa. Ladabi a wurin ma'aikacin da bai san ka ba shi ne ka gaishe shi a layi ɗaya, kada ka ci masa lokaci. Yanzu iri biyu nake koyarwa: ta ofis gajera da Turanci mai tsabta, ta dangi da Hausa, a gaida kowa har akuyar gida in an so.

Sai maganar hatimi, wato tsaro. Nakan ce musu sunan da ya fito a saman saƙo rawani ne kawai, kowa na iya naɗawa. Hatimin yana cikin abin da ya biyo bayan alamar @. Hukumomin gwamnatin Nijeriya adireshinsu na hukuma yakan ƙare da gov.ng, jami'o'i da manyan makarantu kuma edu.ng. Shi ma sai an karanta harafi-harafi, don ɓarayin sukan sauya harafi ɗaya su yi kama da na gaske. Ko hatimin ya yi kyau, in saƙo ya haɗa abu uku, wato albishir ko barazana, da gaggawa, da neman kuɗi ko wata lamba, to a ajiye waya a kira babba. Kalmar sirri ba a ba kowa, ko aminiya, ko saurayi, ko mai kafe. In a kwamfutar kafe aka shiga, sai an fita daga akwatin kafin a tashi daga kujera, kamar yadda ba ka barin shago a buɗe ka tafi salla. Lambar nan da ake turowa ta tes don tabbatarwa, da lambar BVN, da ta katin banki, babu bankin ƙwarai da zai nema ta imel. Shuɗin rubutun da ake cewa a latsa, da fayil ɗin da baƙo ya liƙo, ba a taɓawa. Hoto, musamman ga 'yan mata, da kwatancen gida da sunan makaranta, ba a aika wa wanda ba a sani ido da ido ba. Kuma kowane akwati mun ɗaura shi da layin waya na gida wanda ba zai ɓata ba, mun kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu. Ƙananan da ba su kai shekara 13 ba, wadda ita ce ƙa'idar Google ga mai riƙe akwati da kansa, da nawa suke koyo, ina zaune.

Wani ɗalibina ya tambaye ni, ba akwai hukuma ba? Na ce akwai. Sunan 419 ma daga sashe na 419 na dokar manyan laifuka ya samo asali, an kafa EFCC a 2003, an kuma yi dokar laifukan intanet a 2015. Amma kuɗin adashen uwarka in ya fita, kafin hukuma ta gano inda ya shiga an daɗe da cinye shi. Rigakafi ya fi magani. Abu ɗaya da na yi musu alkawari, kuma ina roƙon iyaye su yi irinsa: duk wanda ya yi kuskure ya latsa abin da bai kamata ba, ya zo ya faɗa min, ba duka ba zagi. Ɗan damfara ya fi cin ribar yaron da ke tsoron ubansa, don shi ne zai ɓoye har abin ya yi nisa.

Me ya sa na ce abin ya fi shafar mu mazauna nan? A Funtuwa in ɗana ya shiga ofis, kafin ya buɗe baki wani zai ce ai jikan wane ne, a ba shi kujera. A nan kuwa ba wanda ya san kakansa. 'Ya'yanmu a Yangoji aka yanke musu cibi, amma in an zo takardar shaidar asali sai an koma ƙaramar hukumar da uba ya fito. Neman makaranta, tallafin karatu, bautar ƙasa, neman aiki, duk a rubuce ake yi, kuma rubutun ne ke isa kafin fuska. Ba mu da gonar gado a nan, ba mu da dogon dangi a ma'aikatu. Jarinmu shi ne mutunci, shi muka zo da shi, shi ya sa masu gari suke ba mu doya bashi har kasuwa ta ci. To yaron da bai iya gabatar da kansa a layi biyar ba, ya bar wannan jari a gida ya tafi hannu rabbana.

Akwai kuma wata riba da ban yi tsammani ba. 'Ya'yana suna jin Hausa, amma da na ce su rubuta ta sai na ga abin kunya, ba su san bambancin ƙ da k ba, ga Turancin buroka ya shiga ko'ina. Yanzu duk ƙarshen wata kowa sai ya rubuta wa ƙanena da ke koyarwa a Zariya wasiƙa da Hausa, mun sa wa wayar allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ. Shi kuma yakan amsa wa kowa daban, ya gyara masa kuskure. Autana da ko gaishe shi a waya sai an tilasta masa, yanzu shi ke tambaya ko amsar Baffa ta iso.

Ita Uwata, wasiƙar da muka sake rubutawa ta samu amsa bayan kwana shida, layi uku, aka ce ta ci gaba da duba CAPS. A wannan shekarar ba ta samu ba. Ta sake zama a 2024, da sabon adireshi mai sunanta da kalmar sirrin da ko ni ban sani ba, Allah Ya nufa ta samu. Yanzu in ta zo hutu ita ke riƙe min ajin Asabar, kuma ta fi ni tsanani.

Saboda haka 'yan uwa, yau da daddare ka kira ɗanka ka yi masa tambaya uku: mene ne adireshinka, wa ya buɗe maka, wa ya san kalmar sirrinka? In ba ka iya karatun boko ba, ba komai, ai ka san yadda ake gaida manya, ka kuma san ba a ba baƙon direba saƙon kuɗi. Kai ka kawo wannan, shi ya kawo sanin waya, ku haɗa. Wanda kuma yake kusa, zaurena a buɗe yake ranar Asabar, yaro ya zo da biro kawai, takarda akwai.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare su daga sharrin da muka sani da wanda ba mu sani ba. A gaida mutanen gida. Haza wassalam.

Naku, daga Yangoji.